Tantance Cancantar Tallafin Karatun Jami'a a Amurka

Tantance cancantar tallafin karatu shi ne tsarin da gwamnatin tarayyar Amurka da gwamnatocin jihohi da jami'o'i suke bi wajen yanke hukunci kan ɗalibin da za a taimaka wa da kuɗin karatun gaba da sakandare, da nawa za a ba shi, da kuma ko abin zai zo a matsayin kyauta, ko rance, ko aikin lada. Tsarin ya ginu a kan aƙida guda: nauyin karatun yaro yana wuyan iyayensa da shi kansa tukuna, hukuma kuma tana shigowa ne daga inda ƙarfinsu ya tsaya. Saboda haka yawancin aikin ya tattara a kan auna wannan ƙarfin, ta hanyar wani lissafi da Majalisar Dokokin ƙasar ta rubuta a cikin doka. Lissafin yana nuna mai buƙata da girman buƙatarsa, amma bai ɗora wa kowa alhakin biyan ta duka ba. Wannan ne abin da ya fi girgiza iyalai ranar da takardar jami'a ta iso.

Asali

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kowace jami'a ce ke raba ɗan abin da take da shi yadda ta ga dama. Dokar tsofaffin sojoji ta 1944 ta biya wa miliyoyin mutane kuɗin karatu da koyon sana'a, sai dai sharaɗinta aikin soja ne. A farkon shekarun 1950 John Monro, jami'in tallafi a Jami'ar Harvard, ya tsara hanyar ƙiyasta abin da iyali zai iya biya bisa kuɗin shigarsa da yawan waɗanda yake ciyarwa. A 1954 ƙungiyar College Board ta buɗe sashen da ke karɓar bayanan kuɗin iyaye a madadin jami'o'i da dama, yana lissafa musu da ma'auni ɗaya.

Gwamnatin tarayya ta shigo da ƙarfinta da Dokar Ilimi Mai Zurfi, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 8 ga Nuwamba 1965 a kwalejin da ya yi karatu a garin San Marcos na jihar Texas. Kashi na huɗu na wannan doka ne har yau ke tafiyar da tallafin ɗalibai. A 1972 aka ƙirƙiro babbar kyautar masu ƙaramin ƙarfi, wadda aka sa wa sunan Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island a 1980. A 1992 kuma aka samar da fom ɗaya na kyauta, FAFSA, wanda duk mai neman tallafin tarayya yake cikewa kowace shekara. Kimanin mutum miliyan 17 ne ke cike shi a shekara, kuma jihohi da yawancin jami'o'i da shi suke dogara wajen raba nasu kuɗin.

Sharuɗɗan farko

Kafin a zo maganar kuɗi akwai ƙofar da sai an wuce ta. Dole mai nema ya zama ɗan ƙasa, ko mai takardar zaman dindindin, ko wanda aka amince da shi a matsayin ɗan gudun hijira ko mai mafaka. Dole ya mallaki lambar shaidar da hukumar walwalar jama'a ke bayarwa, ya gama sakandare ko abin da ya yi daidai da ita, ya samu gurbi a wani kwas da aka amince da shi a makarantar da ke cikin shirin, kuma kada ya zama ya ƙi biyan wani rancen karatu na tarayya da ya ci a baya.

Wasu tsofaffin sharuɗɗa sun faɗi. Tun daga shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 aka daina hana tallafi saboda namiji bai yi rajistar shirin kiran aikin soja ba, ko saboda an taɓa samun ɗalibi da laifin ƙwaya. Fursunoni, waɗanda dokar yaƙi da laifuka ta 1994 ta rufe wa ƙofar kyautar Pell, an sake buɗe musu ita daga 1 ga Yuli 2023, muddin suna cikin shirin karatu da aka amince da shi.

Aljihun wa za a duba

Tambaya mafi nauyi a fom ɗin ita ce ko ɗalibi yana ƙarƙashin iyaye ne ko yana cin gashin kansa, domin amsar ce ke nuna aljihun da za a leƙa. Doka ba ta damu da inda yake kwana ba, ko wanda yake ciyar da shi. Ana ɗaukarsa mai cin gashin kansa idan zai cika shekara 24 kafin ƙarshen Disambar shekarar da zangon ya fara, ko yana da aure, ko yana karatun digiri na biyu ko sama, ko soja ne ko tsohon soja, ko yana da 'ya'yan da yake ɗaukar fiye da rabin nauyinsu. Haka kuma wanda ya rasa iyayensa biyu ko ya shiga riƙon hukuma tun daga shekara 13 zuwa sama, da wanda kotu ta naɗa wa mariƙi, da matashin da ba shi da matsuguni kuma ba ya tare da iyaye. Duk wanda bai faɗa cikin ɗayan waɗannan ba, sai ya kawo bayanan iyayensa.

A nan gizo ke saƙa. Yaro ɗan shekara 20 da ya bar gida, yake aiki yana biyan hayarsa da kansa, har yanzu ɗan iyaye ne a idon lissafi. Idan uban ya ce shi ba zai biya ko sisi ba, ko ya ƙi ba da bayanan harajinsa, wannan bai isa hujjar cire shi daga lissafi ba. Iyakar abin da yaron zai iya samu daga tarayya a wannan hali shi ne rance mai kuɗin ruwa. Dalilin masu doka a fili yake: da ƙin biya yana sauke nauyi, da kowane mai hali ya ƙi. Amma wanda ke ɗanɗana kuɗar wannan tsauri shi ne yaron da iyayensa suka juya wa baya da gaske. An bar wa jami'in tallafi na makaranta ikon ya mayar da ɗalibi mai cin gashin kansa idan akwai shaidar cin zarafi ko watsarwa ko ɗaurin iyaye, sai dai samo irin wannan shaida daga malami ko limami ko ma'aikacin jin daɗin jama'a aiki ne mai wuya ga wanda dama ba shi da kowa.

Ma'anar iyaye ma a ƙuntace take. Kaka ko gwaggo ko kawu da ya riƙe yaro tun yana ƙarami ba ya shiga fom, sai in ya ɗauke shi ɗa ta hanyar kotu. Idan iyaye sun rabu, a da ana duba wanda yaron ya fi zama a wurinsa; daga zangon 2024 zuwa 2025 ana duba wanda ya fi kashe masa kuɗi a watanni 12 da suka wuce. Idan wannan ya sake aure, kuɗin mijin uwa ko matar uba yana shiga lissafi, ko da ba su taɓa alkawarin biyan kuɗin makarantar agola ba.

Lissafin kansa

Ginshiƙin aikin ragi ne mai sauƙi: a ɗauki kuɗin zama ɗalibi na shekara, a cire abin da lissafi ya ɗora wa iyali, abin da ya rage shi ne buƙata. Makaranta ce ke ƙayyade adadin farko, kuma ya wuce kuɗin makaranta kawai. Ya haɗa da abinci da masauki da littattafai da kuɗin mota da ƙananan buƙatu, har da renon yara ga mai goyo. Adadi na biyu shi ne ma'aunin tallafin ɗalibi, SAI a taƙaice, wanda ya maye gurbin tsohon ma'auni na EFC a 2024. Wannan ba ya canzawa daga makaranta zuwa makaranta. Shi ya sa ɗalibi ɗaya zai iya zama marar buƙata a kwalejin unguwa mai sauƙin kuɗi, ya zama mai babbar buƙata a jami'a mai tsada.

Wajen fitar da SAI ana farawa da kuɗin shigar iyaye na shekara biyu baya: mai neman tallafin 2025 zuwa 2026 da harajin 2023 aka auna shi. An koma wannan tsari ne daga zangon 2017 zuwa 2018, domin a samu takardun harajin da aka riga aka kammala, a kuma buɗe fom tun 1 ga Oktoba. Daga kuɗin shigar ana cire harajin tarayya da wanda ake yanka a albashi, da wani kaso da aka ware don ci da sha gwargwadon yawan mutanen gida. Sai a duba dukiya kamar yadda take a ranar cike fom: kuɗin banki, hannun jari, gidajen haya, da asusun ajiyar karatun yara. Ana ɗaukar kashi 12 cikin ɗari na dukiyar a haɗa da ragowar kuɗin shiga, sannan a ɗora wa jimillar wani mataki mai hawa daga kashi 22 zuwa kashi 47 cikin ɗari. Ta haka dukiyar iyaye ba ta ƙara wa ma'auni fiye da kashi 5.64 cikin ɗari a shekara. Kuɗin shiga ne ke jan ragamar sakamakon.

Ba a ƙirga gidan da iyali yake zaune a ciki, ko kuɗin da aka tara a asusun ritaya, ko inshorar rai. An yi haka don kada a tilasta wa mutum sayar da muhallinsa ko cinye guzurin tsufansa. Niyyar mai kyau ce, amma tana haifar da rashin daidaito: iyali mai gidan dala dubu 500 da babban asusun ritaya zai iya fitowa da ma'auni ƙasa da na mai zaman haya wanda ya tara dala dubu 60 a banki yana fatan sayen gida wata rana. Iyalan da kuɗin shigarsu bai kai dala 60,000 ba kuma harajinsu mai sauƙi ne, ko waɗanda ke karɓar tallafin abinci ko na jinya na gwamnati, ba a tambayarsu dukiya sam.

Ɗalibi kuwa ana matsa masa fiye da iyaye. Abin da ya samu sama da wani adadi da aka yafe, wanda ya kasance dala 11,130 a zangon 2024 zuwa 2025, ana ɗaukar rabinsa. Dukiyarsa kuma kashi 20 cikin ɗari ake ɗauka. Dala 10,000 a asusun yaro tana ƙara 2,000 a ma'auni. Wannan kuɗin dai a asusun uwarsa ba zai ƙara fiye da 564 ba. Iyalan da suka san wannan tun da wuri, ko suke da mai ba su shawara, sukan tsara ajiyarsu yadda ya dace. Waɗanda ba su sani ba, galibi masu tura ɗa na farko jami'a, su ne ke asara.

Abin da ake samu

Kyautar Pell ita ce tushe, kuma ta masu digirin farko ce. Mafi girmanta dala 7,395 ce a zangunan 2023 zuwa 2026, kuma ba a karɓarta fiye da tsawon shekara shida na cikakken karatu. A sabon tsari, ana ba da ita cikakkiya kai tsaye idan iyali ba ya cikin waɗanda doka ta wajabta wa cike takardar haraji, ko kuɗin shigarsa bai wuce kashi 175 cikin ɗari na mizanin talauci na ƙasa ba, ko kashi 225 idan uwa ko uba ne kaɗai ke riƙe da gida. Sauran kuma ana cire SAI ɗinsu daga mafi girman kyautar a ba su ragowar. Ma'aunin yana iya sauka har ƙasa da sifili da 1,500. Wannan ba ya ƙara Pell, amma yana nuna wa makarantu waɗanda suka fi kowa rashi.

Rancen tarayya iri biyu ne ga mai digirin farko. Wanda ya dogara da buƙata, gwamnati ce ke ɗaukar kuɗin ruwansa muddin ɗalibi yana makaranta da wata shida bayan ya fita. Ɗayan kuma kowa yana iya ci, kuma ruwansa yana taruwa tun ranar da aka ba da shi. Ɗan shekarar farko da ke ƙarƙashin iyaye ba ya wuce dala 5,500 a duka biyun, 6,500 a shekara ta biyu, 7,500 daga ta uku. Akwai kuma aikin lada a makaranta, kamar tsaron ɗakin karatu ko taimako a ɗakin gwaji, da wata ƙaramar kyauta ta dala 100 zuwa 4,000 da makarantu ke rabawa har sai kasonsu ya ƙare.

A ɗauki misali na zato. Jami'ar jiha ta ƙiyasta shekara a dala 28,000, SAI ɗin yarinya kuma 4,000 ne, buƙatarta ke nan 24,000. Pell za ta ba ta 3,395. Rancen da ba ya tara ruwa 3,500. A ce jiha ta ƙara 3,000, jami'a ta ba da 4,000, aikin lada ya kawo 2,500. Jimilla 16,395. Saura 7,605 da babu wanda ya ɗauka, ban da 4,000 da dama aka ɗora wa gidansu. Ko ta ci ɗaya rancen na dala 2,000, tsugune ba ta ƙare ba. Irin wannan giɓi shi ne abin da aka saba gani a yawancin makarantu, kuma da rancen iyaye ko na banki ko ƙarin awannin aiki ake toshe shi. A tsakiyar shekarun 1970 babbar kyautar Pell tana biyan fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin jami'ar gwamnati. Yanzu ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Jami'o'i da jihohi

Wasu 'yan ɗaruruwan makarantu da shirye-shirye, galibinsu masu zaman kansu kuma masu arziki, suna neman fom na biyu, CSS Profile na College Board, kafin su raba kuɗinsu. Wannan ya fi tonon asiri: yana tambayar darajar gidan zama, da kasuwancin iyali, da kuɗin uban da ya rabu da uwar, da kuɗin asibiti. Kowace makaranta tana amfani da amsoshin yadda ta so. Kaɗan daga cikinsu suna ɗaukar ɗalibi ba tare da duba aljihunsa ba, kuma suna alkawarin biyan duk buƙatar da lissafinsu ya nuna. Princeton ta daina sa rance a tallafinta tun 2001. Harvard ta sanar a 2025 cewa iyali mai kuɗin shigar da bai wuce dala 100,000 ba zai samu komai kyauta, wanda bai wuce 200,000 ba kuma ba zai biya kuɗin makaranta ba. Waɗannan su suka fi amo a labarai, amma ɗan ƙaramin kaso ne na ɗaliban ƙasar ke shiga su.

Jihohi suna da nasu ƙa'idoji da ranakun rufewa, kuma sharaɗin farko shi ne zama ɗan jihar. Wasu suna bin buƙata, wasu ƙwazo. Shirin HOPE na Jojiya, da aka fara a 1993 da kuɗin cacar jiha, makin ɗalibi yake dubawa. Jami'o'i da yawa ma suna ba da rangwamen ƙwazo don jawo masu maki, kuma tunda maki yakan bi sawun halin gida, kaso mai yawa na wannan kuɗin yana tafiya ga waɗanda za su iya biya ko babu shi.

Riƙe cancanta

Ana sabunta nema kowace shekara, kuma dole ɗalibi ya nuna yana ci gaba. Yawancin makarantu suna neman matsakaicin maki na C, da cin kimanin kashi biyu cikin uku na darussan da ya yi rajista, da kammalawa kafin ya wuce ninki ɗaya da rabi na tsawon kwas. Wanda ya bar makaranta kafin kashi 60 cikin ɗari na zango ya wuce, ana mayar da wani ɓangare na tallafinsa, har ya wayi gari makaranta tana binsa bashi. Ana kuma zaɓar wasu fom don bincike, a nemi takardun shaida kafin a saki kuɗi.

Tunda haraji na shekara biyu baya ake dubawa, uban da ya rasa aiki bana zai fito a takarda kamar mai hali. Doka ta ba jami'in tallafi ikon gyara alƙaluman da ke shiga lissafi idan an kawo masa shaida, kamar takardar sallama daga aiki, ko ta mutuwa, ko rasitan asibiti. Hukuncinsa ne na ƙarshe, ba a ɗaukaka ƙara zuwa Ma'aikatar Ilimi. Iyalai da yawa ba su san da wannan ƙofa ba.

Sauye-sauyen baya-bayan nan

Sanata Lamar Alexander na Tennessee, tsohon ministan ilimi, ya shafe shekaru yana warware doguwar takardar FAFSA mai tambayoyi 108 a gaban jama'a, tana zubowa har ƙasa, don nuna yadda take korar talakawa. Dokar sauƙaƙa fom ɗin ta wuce a Disamba 2020. Ta rage tambayoyi, ta sa ana ɗauko bayanan haraji kai tsaye daga hukumar haraji da izinin mai su, ta kuma faɗaɗa Pell. Amma ta soke rangwamen da ake yi wa gida mai 'ya'ya biyu ko uku a jami'a lokaci guda, inda a da ake raba kason iyaye a tsakaninsu. Fara aikinta ya zo da tangarɗa: fom ɗin da ya kamata ya buɗe a Oktoba 2023 sai ƙarshen Disamba ya buɗe, makarantu ba su fara samun bayanai ba sai Maris 2024, da yawansu suka ɗage ranar karɓar gurbi. Wata dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta cire gonar iyali da ƙaramin kasuwanci daga lissafi daga Yuli 2026, ta kuma ƙayyade rancen iyaye a dala 20,000 a shekara da 65,000 gaba ɗaya ga kowane ɗa.

Ɗaliban ƙasashen waje

Mai bizar karatu ba ya samun komai daga asusun tarayya, kuma wannan ya shafi dubban 'yan Najeriya, ƙasar da ta fi kowace a Afirka tura ɗalibai Amurka. Abin da ya rage masa shi ne kuɗin jami'ar kanta. Yawancin jami'o'i suna duba aljihun baƙo kafin su ɗauke shi, ta yadda neman tallafi mai yawa yana rage damar samun gurbi. Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth suna cikin ƙalilan da ba sa yin haka. Ana neman bayanan banki da takardar albashin iyaye, a juya su zuwa dala. Masu digiri na biyu da na uku sun fi samun hanya ta aikin taimaka wa malami a koyarwa ko bincike, wanda ke zuwa da yafe kuɗin makaranta da ɗan albashi.

Yaron da aka haifa a Amurka kuwa ɗan ƙasa ne, yana da damar cike FAFSA ko da iyayensa suna zaune a Kano ko Yamai kuma ba su da takardar zama a can. Za su bayyana kuɗin shigarsu na gida a dala. Abin da ba lalle ya samu ba shi ne tallafin jiha da rangwamen 'yan jiha, tunda waɗannan suna bin wurin zaman iyali. Baƙo kuma, bayan duk tallafin da aka ba shi, sai ya nuna shaidar yana da ragowar kuɗin shekarar farko kafin makaranta ta ba shi takardar I-20 da zai je da ita neman biza, kuma aikin da aka yarda ya yi a harabar makaranta ba ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu.